Amsoshin Tambayoyinku: Gina Kagarar Turai ta Dā da Bulon Wasan Yara

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani bawan Allah a Damagaram, wanda ya ce ɗan'uwansa ya aiko wa 'ya'yansa buhu guda na bulon roba irin na LEGO, kuma yaran sun nace sai an gina musu kagara irin ta sarakunan Turai na dā. Matsalarsa ita ce duk lokacin da aka ɗaga ginin domin a share ɗaki sai ya wargaje. Yana tambaya ko akwai dabarar gina shi ɓangare-ɓangare, yadda za a raba shi a ajiye, a sake haɗawa ba tare da an koma farko ba.

To, malam, dabarar tana nan, kuma tushenta awo ne. Kamfanin LEGO, wanda kafinta Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932, ya yi rajistar ƙirar bulon da ake amfani da ita yau a 1958, kuma tun daga lokacin awon bai sauya ba. Tsakanin haƙori da haƙori, wato 'yan ƙululun nan na saman bulo, milimita 8 ne, tsayin bulo milimita 9.6 ne, sannan siraran bulo uku idan aka ɗora su suna daidai da cikakken bulo ɗaya. Saboda haka kafin ka ɗora ko da bulo guda, ka yanke shawarar faɗin kowane ɓangare. Faifan ƙasa da aka fi sani, wato wanda ake ɗora ginin a kansa, yana da haƙori 32 a kowane gefe, kusan santimita 25 da rabi ke nan, amma ga ɗakin da babu yalwar wuri ni na fi son a ɗauki 16 a matsayin ma'auni, a yi katanga mai 16, hasumiyar kusurwa mai 16, babbar ƙofa kuma ta ci 32.

Sai maganar mahaɗi, wanda a nan ne yawancin masu ginin suke tuntuɓe. Akwai bulo mai huda a gefe, akwai kuma 'yar ƙusar roba da ke shiga hudar ta riƙe ɓangare biyu. Ka sanya bulon mai huda a ƙarshen kowace katanga, a layi ɗaya daga ƙasa kuma a nisa ɗaya daga baki, domin idan na wannan ɓangare yana layi na biyu, na wancan kuma yana layi na uku, to ko kusa ba za su gaisa ba. Haka ma hanyar da masu gadi suke bi a saman katanga, dole tsayinta ya zo ɗaya a ko'ina. Idan ka tsayar da bulo takwas, to takwas ɗin ne har ƙarshe. Kamfanin da kansa ya yi amfani da wannan ƙusa a kagarunsa masu ruwan toka da ya fara fitarwa a 1984, inda ake iya jona katangar wannan akwati da ta wancan, ya kuma sake ɗauko dabarar a jerin gidajen birni da ya fara a 2007. Daga waɗannan gidaje ne za ka ari dabarar bene: a shimfiɗe saman bangon hawa na ƙasa da sirara masu santsi, a bar haƙori biyu ko huɗu kawai a kusurwa, sai hawa na sama ya zauna daram, amma a ɗage shi da hannu ɗaya kamar murfin kwano idan yaro yana son ya leƙa ciki.

Abu ɗaya kuma da kowane magini a Damagaram zai gaya maka kyauta shi ne kada gaɓar bulo ta faɗo a kan gaɓar na ƙasansa. Yara suna son jera bulo iri ɗaya tsaye kamar an tara kwalin ashana, irin wannan bango kuwa shi ne yake tsagewa da zarar an ɗaga shi.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar firamare ce a Jos. Tana son ta gina kagarar tare da ɗalibanta a darasin tarihi, shi ne take tambaya waɗanne sassa ne ba za a rasa ba, kuma me ya sa a hotuna wasu hasumiyoyin suke da kusurwa huɗu, wasu kuma zagayayyu.

Malama, da farko yana da kyau ɗalibai su bambanta kagarar Turai da ganuwa irin ta Kano, domin ganuwa gari guda take kewayewa, ita kuwa kagara gidan basarake ne wanda kuma yake sansanin yaƙinsa. Sassanta su ne katangar waje mai giɓi-giɓi a sama inda maharba suke fakewa, da hasumiyoyi, da ƙofa mai ƙyauren da ake saukarwa daga sama, da gwalalo wanda wani lokaci ake cika shi da ruwa, da gadar da ake janyewa, sai babban soro a tsakiya. Lokacin da Normawa, wato mutanen Normandy ta arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, yawancin abin da suka fara ginawa tudun ƙasa ne da shingen katako, daga baya dutse ya maye gurbi, kamar Farar Hasumiyar Landan da aka fara wajajen 1078.

Batun kusurwa kuwa, labarin kagarar Rochester ta Ingila ya isa amsa. A 1215 Sarki John ya yi wa 'yan tawayen da ke cikinta ƙawanya, mutanensa suka haƙa rami a ƙarƙashin kusurwa ɗaya ta babban soron, suka tokare shi da itatuwa, sannan suka cinna wuta da kitsen aladu 40. Da itatuwan suka cinye, kusurwar ta rufta. Da aka zo gyara sai aka mayar da hasumiyar wannan kusurwa zagayayya, har yau kuma mai ziyara zai ga uku masu kusurwa, ɗaya zagayayya. Zagayayyen bango ya fi jure haƙa da jifan majajjawa, kuma ba ya barin lungun da maƙiyi zai raɓe ba a gan shi ba. Idan kina neman hoton da ɗalibai za su kwaikwaya, ki duba Beaumaris da aka fara a Wales a 1295, ko Krak des Chevaliers ta Siriya wadda Sarki Baibars ya karɓe a 1271. Dukkansu katanga ce a cikin katanga, abin da ya dace ƙwarai da aikin rukuni, kowane rukuni da ɓangarensa. Yin zagaye da bulo mai kusurwa ba shi da wuya: a jera bulo mai haƙori biyu, a bi shi da ɗan zagayayye mai haƙori ɗaya, a saɓa su a layi na gaba, sai bangon ya riƙa lanƙwasa har bakinsa ya haɗu.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani matashi a Kumasi da ya tara bulonsa daga kayan gwanjo. Ya lura ruwan tokarsa iri biyu ce, kuma wasu bulon ba sa kamawa da kyau. Kamfanin ya sauya launin tokarsa a wajajen 2004, tsohuwar tana ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, sabuwar kuma zuwa shuɗi, sannan rana tana sa bulo mai haske ya yi rawaya. Kada ka ware su, ka cakuɗa su a bango, domin haka tsohon dutse yake, kuma kagarar farko da kamfanin ya fitar a 1978 ma rawaya ce. Waɗanda ba sa kamawa wataƙila na wasu kamfanoni ne masu bin awo iri ɗaya, za ka gane su idan babu sunan LEGO a kan haƙoransu. Ka cusa su a tsakiyar katanga inda nauyi zai danne su, ka keɓe masu ƙarfin riƙo domin mahaɗi da kusurwa da saman ƙofa.