Darasi daga Suame Magazin: zaɓen rim da taya bayan an canza aksul

Assalamu alaikum 'yan uwa, sannunku da aiki. Yau ma muna gareji a Suame Magazin, nan Kumasi. In kun ji ƙarar guduma ku yi haƙuri, maƙwabta ne ke bugun ƙarfe.

Motar nan da kuke gani a kan jak tsohuwar Hilux ce ta wani Alhaji daga Aboabo, mai fataucin doya. Ƙauyukan bayan Atebubu yake shiga, inda kwalta ta ƙare sai jar ƙasa da taɓo. Aksul ɗinta na asali ya gaji da kaya, sai aka ciro na Nissan Patrol, gaba da baya, aka ɗora mata. Jiya Alhaji ya ce mani, "Masta, a mayar mata da rim ɗinta kawai, ai duk rami shida ne." Na ce Alhaji, a ba ni kwana ɗaya in auna. Daga ranar da aka canza aksul, sunan da ke jikin mota ya daina gaya maka rim ɗin da za ka saya. Ƙarfen da ke ƙarƙashi shi ake tambaya.

Kai yaro, miƙo mani tef. Matso da kamara nan.

Maganar Alhaji da gaskiya a cikinta. Ramukan noti shida ne, in ka auna daga tsakiyar wannan sitod, wato ƙarfen da noti ke hawa, zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa za ka samu milimita 139.7. Hilux haka take, Prado haka, Land Cruiser 80 haka, Patrol haka, Pajero ma haka. Wannan ne ke ruɗin mutane. Amma Navara D40 rami shida ce ita ma, nata kuwa 114.3 ne, ba za su haɗu ba ko ka kwana kana turawa. Masu rami biyar kuma, Land Cruiser 100 da 79 nasu 150 ne, Defender 165.1. Rami biyar ba shi da abokin fuskanta, don haka ka auna tsakanin biyu da ke maƙwabtaka: ka ga kusan milimita 88, na Land Cruiser ne, ka ga 97, na Defender ne.

To ga inda Alhaji bai duba ba. Ku kalli babban ramin nan na tsakiyar rim, wanda ke zama a kan hob, wato kan aksul inda ake ɗaure rim. Na Toyota milimita 106.1 ne. Hob ɗin Patrol kuwa 110 ne. Ku gani, na ɗora, ramukan noti sun yi daidai da sitod, amma rim ya tsaya a bakin hob, bai kwanta ba. Ga hasken rana yana wucewa ta bayansa. A nan ne wani zai ɗauko giranda ya ce bari a ɗan ci bakin. Don Allah kada ku yarda. Hannu ba ya fitar da da'ira daidai, kuma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa. In ramin ya fi hob girma da sauƙi, akwai zobe da ake sakawa ya cike giɓin. In ya yi ƙanƙanta, ka nemi wani rim.

Wannan abu yana taɓa ni, domin na gani da idona. Shekarun baya wani ƙanena ya kai motarsa wani wuri, rim bai shiga ba, suka faɗaɗa ramukan noti da na'urar huda. Kafin ya kai Kintampo sitod uku sun karye, taya ta fita ta yi daji. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasa ransa, amma yaron motarsa har yau yana ɗingishi.

Sai noti. Ku riƙe wannan da kyau. Sitod ɗin Hilux da na Patrol kaurinsu ɗaya, milimita 12, amma zaren ya bambanta: na Toyota 1.5, na Nissan 1.25. Notin Toyota zai hau na Nissan, ya juya sau ɗaya ko biyu, sai ya cije. Yaro mai ƙarfi ya sa wil-sifana da bututu ya danna, ya ce ya ɗauru. Bai ɗauru ba, zaren ya cinye. Noti da yatsa ake fara shi. In bai tafi da yatsa ba, ba nasa ba ne. Kuma ya juya aƙalla sau takwas a kan na Toyota, kusan goma a kan na Nissan, kafin ya matse. Ku duba gindinsa ma, wani mai tsini ne, wani shimfiɗaɗɗe da washa, irin na rim ɗin alminiyon na Toyota. Kowane rim da irin mazaunin da aka yi masa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi cin lokaci, wato ofset. Shi ne ke nuna ko taya za ta shige ciki ko ta fito waje. A bayan rim za ku ga an buga ET da lamba. Sifili na nufin fuskar da ke manne da hob tana tsakiyar rim cif. In lambar ta haura sifili, taya ta shige ciki. In akwai alamar ragi a gabanta, taya ta fito. Rim ɗin da muke samu na hannu sau da yawa tsatsa ta cinye rubutun, to ga dabara. Kife rim a ƙasa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakinsa na baya, ka auna zurfi zuwa fuskar hob. Sannan ka auna faɗin rim gaba ɗaya ka raba biyu, ka cire daga zurfin. A ce faɗi 228, rabi 114, zurfi kuma 144. Ofset ɗinka 30 ke nan.

Me ya haɗa wannan da sabon aksul? A ce sabon ya fi tsohon faɗi da milimita 60. Kowane gefe taya ta fito da 30 tun ba ka taɓa rim ba. In kuma ka je ka sayo mai ragin 25 don ka ga samari suna yayinsa, ta fito da 55 ko fiye. Kyau kam akwai, mota ta buɗe ƙafa kamar ɗan kokawa. Amma boris ne zai biya kuɗin, domin nauyi ya bar kansa ya koma gefe. Sitiyari zai riƙa fizgar hannunka a duk ramin da ka faɗa, taya ta riƙa cin madigadi, taɓo kuma har gilashi. Ni a ganina, motar da ke ɗaukar doya ba ta buƙatar wannan ado. Ka nemi ofset da zai mayar da taya kusa da inda take, muddin ba ta taɓa sifirin ko shokozoba ta ciki ba.

Wanda ya canza aksul ɗaya kaɗai, ya auna faɗin gaba da na baya. In sun bambanta, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, a cikin taɓo sai mota ta riƙa wutsiya. Masu Land Cruiser 79 mai injin V8, wadda ta fito a 2007, sun san wannan, gabanta ya fi bayanta faɗi da kusan milimita 95 tun daga kamfani. Kuma a ƙirga haƙoran giyar aksul biyun, dole su zo ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu za su yi faɗa da juna.

Birki a gurguje: babban aksul yakan zo da babban birki, rim mai inci 15 ba lallai ya rufe shi ba. Mu 16 muka ɗauka. Ka ɗora ka juya da hannu, ka saurara.

Taya kuma, Alhaji yana son 285/75R16. Tsayinta kusan milimita 834 ne, 265/70R16 kuwa, in a ce da ita aka saita agogon mota, 777. Bambancin ya kai kashi bakwai cikin ɗari, wato agogo na nuna 100 kana gudun 107, kuma tsohon injin nan zai yi nishi a hawan Mampong da kaya. Na ba shi shawarar 235/85R16. Siririya ce, doguwa, tana yanka taɓo ta taka ƙasa mai ƙarfi. A nemi mai LT a jiki, wato ta ƙananan motocin kaya, a duba lambar nauyi: 112 kilo 1,120 ne, 121 kuwa 1,450. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar. Har safaya, ita ma ta zama girma ɗaya, da rim ɗin da ke shiga sabon hob.

Yawwa, ga rim ɗin da muka samo, na ƙarfe, domin in ya lanƙwashe a daji guduma na gyara shi. Kun ga ya kwanta luf. Yaro, juya sitiyari har ƙarshe. Koma ɗaya gefen. Ga yatsuna biyu suna wucewa, ba inda ya taɓa. Anjima za mu hau da ƙafa ɗaya kan tudun can mu sake dubawa idan sifirin ya danne.

Noti kuma a ɗaure shi tsallake-tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Alhaji, gobe in Allah ya kai mu, in kun isa Mampong a tsaya a sake bin notin nan duka ashirin da huɗu kafin a wuce Ejura. Yaro, sauke jak a hankali.