Jinyar Wanda Ba Zai Warke Ba: Yadda Mutanen Kerala Suke Haɗa Kuɗinta

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa.

Akwai maganar da kowa ke tsoron ji daga bakin likita: "Ku koma da shi gida." Daga nan sai dangi su ɗauka aiki ya ƙare, saura addu'a. Addu'a kam dole ce. Amma mutumin da cutar kansa ta ci jikinsa, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, yana iya yin wata shida yana kwana ba barci saboda raɗaɗi, bayansa duk gyambon kwanciya. Jinyar sassauta raɗaɗi aikinta ke nan.

Mu je jihar Kerala a kudancin Indiya. A 1993 likitoci biyu, Dakta Rajagopal da Dakta Suresh Kumar, tare da wani abokinsu, suka kafa ƙungiya a kwalejin likitanci ta birnin Kalikut. Ɗaki guda suka fara da shi. Ba a jima ba suka lura cewa waɗanda suka fi shan wahala ba sa iya zuwa, kuɗin mota ma ya gagare su. To, sai a bi su gida. Amma likita nawa gare ka?

A farkon shekarun 2000 aka miƙa aikin ga unguwanni, aka fara da gundumar Malappuram, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, matar aure, ɗalibi, kowa a ba shi ɗan horo, ya riƙa leƙa majinyatan layinsu. Nas da likita su zo a mota lokaci-lokaci da maganin mofin mai kashe raɗaɗi, a wanke gyambo, a sauya robar fitsari.

Kuɗin fa? Nan nake so ku kasa kunne. Mafi yawansa ba daga Turai ya zo ba. Akwatunan sadaka ne a kan teburin masu shago, 'yan makaranta suna tarawa, direbobin bas da kwandastocinsu suna ajiye 'yan rufi, wato kuɗin Indiya, kullum, gidaje suna ba da nasu duk wata. Kamar adashe, kaɗan-kaɗan amma ba fashi. A ganina sirrin yana nan: wanda ya jefa kuɗin ya san majinyacin, ya san gidansu, don haka zai tambayi inda kuɗin ya shiga. Shi ya sa kuɗin bai tsaya kan magani ba. Maƙwabci shi ya san tukunyar gidan ba ta hau wuta ba, sai a kai shinkafa, a saya wa yara littattafai.

Gwamnati daga baya ta biyo. Sai a 2008 Kerala ta fitar da manufa a kan wannan jinya, ita ce jiha ta farko a Indiya da ta yi haka, shekara 15 bayan buɗe ɗakin nan na Kalikut.