Darasin Nahawu: Sunan da Rumawa Suka Ba Sifa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau kalma ɗaya tak muka ɗauko, sunan da malaman Latin suka raɗa wa sifa. Kalmar ita ce adiectivum. Ku kasa kunne: ad-yek-ti-wum. Harafin v a bakin Rumawan da kamar w ɗinmu yake fita, don haka kada wani ya ce mini "bum" a ƙarshe.

To, mu fasa ta. Ad na nufin "zuwa ga", sauran kuma daga aikatau iacere ya fito, wato jefawa. Ke nan abin da aka jefa wa suna, aka ƙara masa. Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba, kalmar Girkawa suka kwaikwaya, epitheton, abin da aka aza a kai.

Ga inda nake so ku natsu. Cikakken sunan shi ne nomen adiectivum, suna na ƙari. A wurinsu sifa ɗan gidan suna ne, ba shi da gidan kansa. Donatus, malamin nahawu a birnin Rum a ƙarni na 4, ya lissafa azuzuwan kalmomi takwas, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba za ka ga sifa ba, tana lulluɓe a cikin nomen.

Kuma ni ban ga laifinsu ba. Dubi dominus bonus, maigida nagari, da puella bona, yarinya tagari. Kun ji jelar kalmomin? Us da us, a da a. Yadda suna ya juya, haka sifa ke juyawa. Har ma tana iya tsayawa ita kaɗai: boni kawai, an gane mutanen kirki ake nufi.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Muna cewa farin doki da farar riga, da irin mahaɗin da ke cikin dokin Sarki da rigar Sarki. Ka je shago ka ce "ba ni babba", mai shago bai tambaye ka ina sunan yake ba. Wanda ya yi Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, a zaure kuwa ya san kalma kashi uku ce: ismu, fi'ili, harafi, kuma sifa irin karim, wato mai karamci, ismu ce, wato suna.

Ga aikin gida: servus malus, mugun bawa ke nan. Ku sa puella a madadin servus, ku gyara sifar.