Me Ya Sa Jan Kek Ɗinki Yake Tsayawa a Ruwan Hoda?

Ki ɗauka ga kek biyu a gabanki. Kirim ɗaya aka shafa musu, hannu ɗaya ya haɗa. Na dama ja ne jawur. Na hagu ya tsaya a ruwan hoda, kirim ɗin ya saki, in kika ɗanɗana kuma sai ki ji ɗaci a ƙarshen harshe. Tambayar da ke yawo kwanan nan tsakanin masu yin kek a gida ke nan: na juye rabin kwalbar kala, don me har yanzu bai yi ja ba?

Kwaɓin ba zai ɓata mana lokaci ba. Bota giram 500, sukari 500, fulawa 500, ƙwai 9, bekin foda cokalin shayi 4. Ki buga bota da sukari sai sun tashi, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa daga ƙarshe. In mai hawa shida kike yi, kowane hawa da kalarsa, ɗora kwano a sikeli ki raba, kowane kaso wajen giram 330. Rabon ido shi ke sa hawa ɗaya ya yi kauri, wani ya fito kamar waina. Wutar oben kuma kada ta wuce digiri 170 na Salsiyas, don zafi mai yawa yana soya gefen kek, shuɗinki ya koma ruwan ƙasa.

Kirim ɗin: bota 250, garin sukari na aisin 500. To, nan za mu zauna.

Kalar ruwa da ake samu a kowane shago, yawancinta ruwa ne. Kafin ki kai ja da ita kin tsinka kirim ɗin, ga ɗaci. Ki nemi mai kauri, wadda ake kira jel. Da tsinken sakace ake ɗibarta, ɗigo-ɗigo, kuma kowane ɗiba da sabon tsinke, kada maiƙo ya shiga kwalbar ya ɓata ta. Ki duba kwalbar tana da suna da ranar lalacewa. Garin kala da aka ƙulla a leda babu rubutu, don Allah ki bar shi a kasuwa, 'ya'yan mutane ne za su ci.

Yanzu ki ɗauka ga kwanon kirim a gabanki. An sa kala, an juya, ya yi ja amma da haske-haske. A nan yawanci ake kuskure, hannu ya sake komawa kwalba. Ajiye tsinken. Rufe kwanon da leda, ki bar shi.

Bayan awa uku jan ya ƙara nuna. Da safe ya yi jawur. Ko ɗigo ba a ƙara ba.

Kalar jel tana narkewa ne a cikin ruwa, shi kuwa kirim yawancinsa mai ne da sukari, ruwan da ke ciki ɗan kaɗan ne. Sai a hankali kalar take bin wannan ɗan ruwan tana bazuwa, shi ya sa launin yake ƙara nuna yana zaune. Saboda haka ki tsaya tun launin bai kai inda kike so ba. In zai kwana, ki sa a firij, da safe ki fito da shi ya yi laushi, ki sake bugawa minti biyu. Amma fa wannan jiran na kirim ne kaɗai. Kwaɓin kek ba ya kwana, da zarar bekin foda ya jiƙe ya fara aiki, sai oben.

Akwai kuma launin da kika fara da shi. Bota rawaya ce. Shuɗi a kan rawaya kore yake bayarwa, shunayya kuma ta dushe ta koma kamar toka. Ki buga botar ita kaɗai minti takwas har ta yi fari kafin sukari ya shiga. In rawayar ta ƙi tafiya, ki taɓa shunayya da bakin tsinke, ɗan mitsitsi, za ta kashe ta. Ja kuwa ki fara da ruwan hoda, sannan ki ɗora ja a kai. Baƙi ki fara da garin koko, kirim ya yi duhu tukuna. A ganina duk mai neman baƙi daga farin kirim tana wahalar da kanta ne, ta kuma baƙanta haƙoran yaran biki.

Farin cakulan dabam ne, kala mai ruwa tana dunƙule shi nan take, sai kalar da aka haɗa da mai.

Wannan duk ya shafi yadda kike karɓar oda. Kwastoma ta kira da safe tana son jan kek da yamma, ki gaya mata gaskiya: ja da baƙi sai an ba ki kwana biyu, kuma kuɗinsu ya ɗan ɗara, don suna cin kala. Ranar kai wa, kada rana ta taɓa shi, ruwan hoda da shunayya saurin koɗewa gare su. In ya fito daga firij, ki bar shi a rufe cikin kwalinsa ya huce, gumin ya sauka a kan kwali, kada ja ya zubo a kan fari. A mota kuma ƙasa ake ajiye shi inda ya daidaita, ba a cinya ba.