Dashen Koniya Ba Ya Raba Ido da Ƙwayar Hapis

Wani lokaci akan ga farin tabo a tsakiyar baƙin ido. Koniya ce ta dushe haka, wato tantanin nan mai garai-garai da haske ke ratsawa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke yin wannan ɓarnar ita ce ƙwayar cutar hapis, irin wadda ke fesar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi.

Idan tabon ya tare gani, ko gyambo ya kusa huda tantanin, sai a yi dashe. Aikin ya daɗe, domin tun 1905 likitan ido Eduard Zirm ya fara yin sa cikin nasara. Ana yanke faifan da ya lalace, a ɗora na wani mamaci da aka bayar da gudummawa, a ɗinke da zaren da ya fi gashi siranta.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton an fitar da cutar tare da tsohon faifan. Akwai wata jijiyar ji da ta taso daga ido ta shige cikin ƙoƙon kai. A ƙullinta ƙwayar take laɓe har ƙarshen rayuwa, inda wuƙar likita ba ta kaiwa, kuma duk ranar da ta farka za ta biyo hanyar ta sauko kan sabuwar koniyar.

Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne maganin ɗigawa na sitiroyid. Dole a ba da shi don kada garkuwar jiki ta ƙi dashen, musamman idan jijiyoyin jini sun riga sun kutsa cikin koniya, amma shi ne kuma ke buɗe wa ƙwayar ƙofa. Saboda haka ake jira ido ya lafa na watanni kafin aiki idan babu gaggawa, sannan a haɗa da acyclovir na sha, maganin da ke danne ƙwayar hapis, galibi miligiram 400 sau biyu a rana, tsawon shekara ko fiye. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa acyclovir ya rage dawowar hapis na ido daga kashi 32 zuwa 19 cikin ɗari.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne majinyacin da gani ya washe masa, ya ajiye maganin da kansa. Hapis kan dakushe jin koniya, don haka zafi ba lallai ya gargaɗe shi ba. Idan ido ya yi ja, ko haske ya dame shi, ko gani ya fara hazo, ya ga likitan ido a ranar.