Ɗan talaka da kuɗin bursi: ta ina ake farawa?

Salamu alaikum ƴan uwa na Damagaram, yau zancen bursi za mu yi, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi don ya yi karatu ba tare da yunwa ta kore shi ba.

A nan Nijar hukumar ANAB ce ke riƙe da wannan aiki. Yaro ya ci BAC, jarabawar ƙarshen sakandare, ya yi rajista a jami'a, misali jami'ar André Salifou ta nan Zinder, sai ya kai dosiye, ana duba makin da ya samu da shekarunsa. Wanda bai samu bursi ba yana iya neman aide sociale, taimako ne da ake badawa sau ɗaya a shekara, bai kai bursi ba amma yana rage zafi. Akwai kuma CROU, su ke kula da abinci da ɗakunan kwana na ɗalibai cikin rahusa. Wasu ƙasashe kamar Aljeriya da Maroko su ma suna ba ƴan Nijar guraben karatu.

To amma abin da ke damuna wallahi, yaran karkara da yawa tun kafin su kai BAC ake rasa su. Yarinya ta gama firamare a ƙauyen Mirriya ko Tanut, an turo ta CEG, makarantar gaba da firamare, a gari, ba dangi ba sani, sai a ajiye ta gidan wani a ce shi ne mai riƙo, da asuba ita ce ɗibar ruwa ita ce wanke-wanke, ta iso lakwal an rufe ƙofa cikinta ba komi, gida kuma sai an sai da tiya biyu ta hatsi kafin a aiko mata kuɗin kaye da bik. Wata uku ta koma gida, sai zancen aure. Shi ya sa makarantar kwana ta ƴan mata irin wadda aka buɗe a Kelle ta jihar nan take da amfani sosai, haka ma abincin da ake dafa wa yara a wasu makarantu da taimakon hukumar abinci ta duniya, wato PAM. A 2017 ma an yi dokar kare karatun ƴa mace.

Sai maganar takardu, iyaye don Allah ku saurara. Takardar haihuwa ita ce tushe, in babu ita babu takardar zama ɗan ƙasa, dosiye kuma ba ya cika. In ba a yi wa yaro ba tun yana jariri ku je mairi ku tambaya, za a nuna muku yadda ake samunta ta hanyar kotu, kar ku bari sai shekarar jarabawa ana gudu ana neman kuɗin kabu-kabu.

Ku kuma ɗalibai ku sani kuɗin bursi yakan yi jinkiri, wani lokaci watanni, kar ka ci bashi da sunan gobe za a biya. Ka riƙa leƙa allon sanarwa na jami'a, ka yi fotokopi na kowace takarda ka adana, kuma ka kai dosiyenka kafin ranar rufewa.