Yadda Ake Hana Farin Ɓawo Toshe Na'urar Zuba Kulorin a Tafkin Ninkaya

Masu kallo, wannan farin ɓawo da kuke gani ya manne a cikin na'urar zuba kulorin sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin wanda ke kama gindin butar dafa ruwa idan ta daɗe tana aiki. Da zarar ya yi kauri, sai ya toshe ƙananan ramukan feshi da bututun fita, kulorin ya daina isa cikin tafki yadda ya kamata, alhali na'urar tana cike da ƙwayar kulorin.

Asalin matsalar yana cikin ƙwayar kanta. Ƙwayar kalsiyam haifokulorait tana ɗauke da kulorin mai aiki kusan kashi 65 zuwa 70 cikin 100, amma duk miligiram 10 na kulorin da ta saki a lita ɗaya, tana ƙara wa ruwan kusan miligiram 7 na taurin kalsiyam, wato yawan kalsiyam da ya narke a ruwa. Ruwan da ke narkar da ita a cikin na'urar kuma ma'auninsa na pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke hawa idan tsamin ya ragu, yana hawa sosai, kuma a irin wannan yanayi ne kalsiyam ke haɗuwa da kabonet ya daskare. Zafi yana ƙara tsananta lamarin, domin kalsiyam kabonet ya fi saurin daskarewa a ruwan ɗumi. Haka nan, a lokacin bazara ruwa yana tururi ya tafi ya bar kalsiyam a baya, idan kuma aka cike gurbin da ruwan burtsatse mai tauri, sai adadin ya yi ta hauhawa.

Saboda haka rigakafin daga gwajin ruwa yake farawa. A riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.6, taurin kalsiyam tsakanin miligiram 200 da 400 a lita, jimillar kabonet kuma, wadda kayan gwaji ke kira total alkalinity, kada ta wuce miligiram 120, gara ma ta tsaya kusa da 80. Masu kula da manyan tafkuna suna haɗa waɗannan alƙaluma a ma'aunin da ke nuna ko ruwa zai yi ɓawo, wanda masani Wilfred Langelier ya fitar a 1936, suna neman sakamako tsakanin −0.3 da +0.3. Idan kalsiyam ya yi yawa, abin da ya fi sauƙi shi ne a rage ruwan tafkin a maye shi da wanda ba shi da tauri sosai.

Wajen wanke na'urar da asid don narkar da ɓawon ne nake roƙon a yi hattara ƙwarai. A kashe famfo, a rufe hanyoyin ruwa, a kwashe ƙwayoyin gaba ɗaya, a ɗauraye cikin na'urar sosai kafin asid ya kusance ta, domin haɗuwar asid da ragowar kulorin tana fitar da iskar da ke ƙona huhu. A zuba asid a cikin ruwa, kada a zuba ruwa a cikin asid, a sa safar hannu da tabarau, a yi aikin a fili. Kada kuma a taɓa zuba ƙwayar tiraikulo, wato wani nau'in ƙwayar kulorin daban, a na'urar da aka yi don kalsiyam haifokulorait, domin haɗa su yana iya haddasa gobara ko fashewa.